Tafiyar Ɗauko Firigo Biyu a Ƙasar Madarumfa

Mun tashi daga Maraɗi ana sallame sallar asuba ranar Laraba, mu uku: ni, da direba, da mai kula da siton furoje, wato shirin taimakon Turawa, wanda ya zo sanye da kwat cikin wannan bazara saboda a cewarsa aikin hukuma za mu. Ni sana'ata gyaran firigo ce, wato firiji, shekara goma sha huɗu ke nan ina yi a bakin babbar kasuwa. Aikin da aka ɗauke ni in yi a ranar kuwa ba gyara ba ne. Cewa aka yi in je wani gari da ke tsakanin Madarumfa da Gabi in kashe firigo biyu, mu ɗoro su a bayan mota mu maido sito. Ni ne kuma na kafa su da hannuna shekara uku da suka wuce.

Bari in gaya muku mafarin abin don ku fahimci nauyin da ke zuciyata. Lokacin da aka yi zaɓe farar hula suka hau mulki, an buɗe wa ƙungiyoyi ƙofa, duk garin da ka shiga sai ka ji an kafa wata. Mutanen garin nan suna da ɗan ɗakin likita da suka gina da kansu, da majo guda, wato babban ma'aikacin jinya. Allurar rigakafi ba ta zama sai cikin sanyi, garin babu lantarki, gwamnati kuwa albashi ma da ƙyar take biya balle kananzir. Sai majon da matan garin suka kawo wata dabara. Suka ce a ba su firigo biyu masu aiki da kananzir, ɗaya na allura zalla, ɗaya na sana'a. Matan za su riƙa daskarar da lamurje da zoɓo suna sayarwa, ribar ta sayi kananzir ɗin duka biyun. Wani furoje na Turawa ya ji, ya yarda, ya saya musu.

To, cikin azumin bana soja suka karɓe mulki. Turawa suka ce sun dakatar da taimako, furoje ya shiga naɗe tabarmarsa. Ƙa'idar takardunsu ta ce duk kayan da hukuma ba ta sa hannu ta karɓa ba, a maido su sito. Tsohon kumandan na Madarumfa, wato mai mulkin yankin, ya yi alkawarin sa hannu, amma aka canza shi kafin ya sa. Wanda aka turo mai kaki ne, kuma ba a samu wanda ya yi ƙarfin halin kai masa takarda ba. Wannan shi ya fito da mu.

Hanyar ba ta da nisa, sai dai tana da abin kallo. Saura kwanaki kaɗan Babbar Salla, don haka tun daga bakin gari muka riƙa cin karo da raguna. Wasu a ƙasa ana kora su, wasu a saman motocin da suka nufi Ɗan Issa, an ɗaure su sun leƙo kai suna kallonmu kamar su ne suka biya kuɗin mota. Muka tsaya muka sha isansi, wato fetur, wajen masu kwalabe a bakin hanya, lita dala ashirin da biyar, na Najeriya mai jan launi. Direba ya shinshina shi, ya ɗiga a tafin hannu ya hura, sannan ya yarda aka zuba. A shingen jandarma aka dube mu aka dubi lambar motar aka ɗaga mana igiya. Da muka wuce Jiratawa muka hau jar hanya, motar ta fara rawa, duk ramin da muka faɗa sai mai kwat ya yi salati ya ƙara rungume jakar takardunsa.

Duk sanda na iso Madarumfa sai raina ya yi fari, ko da me na zo. Ka baro busasshiyar ƙasa, kwatsam sai ga tabki shimfiɗe, manyan itatuwa tsaye cikin ruwa, fararen tsuntsaye sun lulluɓe rassansu. Ruwan ya ja baya sosai saboda rani, masu lambu sun bi shi da shuka, tumatir da albasa da zogale kore shar har bakin laka. Masunta sun riga sun fito, mata na suya a gefe. Muka zauna a kan benci muka ci karfasa soyayya mai zafi, babba dala ashirin, da yaji da albasa, muka bi da shayi. Mai suyar ta tambaye mu inda za mu. Da direba ya faɗi sunan garin sai ta ce ai lamurjensu har nan ake kawowa ranar kasuwa, mai sanyin da ke sa haƙori tsami. Muka biya muka tashi.

Daga nan yashi ne. Sau biyu muka sauka muka tura, a karo na biyu kuwa mai sito ya haƙura ya tuɓe kwat. Hantsi ya ɗaga muka shiga garin.

Ni a raina na riga na gama lissafi cewa gawa za mu tarar. Fiye da shekara ba a kira ni gyara ba, kuma na san halin firigon kananzir, wata uku ba kulawa sai hayaƙi ya toshe shi. Amma muna shan kwanar masallaci sai muka ga mata sun fi arba'in zaune a inuwar dogon yaro gaban ɗakin likita, kowace da goyo, wasu da ganin shigarsu daga rugage suka zo. Ashe Laraba ce ranar allura. Majo ya fito ya gaishe mu, gaisuwar da ba yabo ba fallasa, domin labarin abin da ya kawo mu ya riga mu isowa.

Ban tsaya dogon zance ba na shige ɗakin, na durƙusa na leƙa ƙarƙashin firigon allura. Jama'a, abin da na gani ya sa na manta da abin da ya kawo ni. Wutar lagwanin shuɗiya ce tas, zagaye daidai, ba ja ba rawaya. Na zura yatsa a bututun hayaƙi na fito da shi fes. Na buɗe na duba ma'aunin sanyi, yana nan inda ake so. Na ɗora ma'aunin daidaito a samansa, ko kaɗan bai karkace ba, an sa masa ɓallin tukunya a ƙafar da ƙasa ta lotsa. Na biyun ma haka, cike da ƙulle-ƙullen lamurje sun daskare kamar duwatsu. A Maraɗi ma akwai manyan gidajen da ba su riƙe nasu haka ba. Na miƙe na tambayi majo wane mai gyara suke ɗaukowa daga Katsina a bayan idona. Ya yi dariya, karo na farko tun isowarmu, ya nuna mini wata dattijuwa da ke tsaye a bakin ƙofa.

Hajiya Tsahara ke nan, shugabar ƙungiyar matan, mai sayar da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli a da. Na tuna ta. Lokacin da nake kafa firigon kwana biyu ta yi zaune a kusurwa tana kallona, ni kuwa na ɗauka son ganin ƙwaƙwaf ne. Ta kwance wani ƙunshi ta nuna mini kayan aikinta: reza ta gyaran bakin lagwani, karan dawa mai tsumma a kai na share bututu, da wani tsohon ɗankwali na tace kananzir. Ta ce kananzir ɗin bakin iyaka wani lokaci gauraye yake zuwa, don haka duk wanda aka sayo sai ta fara gwada shi a fitilar ɗakinta, in ya yi baƙin hayaƙi ba ya kusantar firigo. Ta ce bara na sana'ar ya daina sanyi, sai ta tuna ta ji ina gaya wa majo cewa in ya yi haka a kife shi ya kwana a kife. Su huɗu suka kife shi. Mazan gari suka riƙa zuwa leƙe suna cewa matan nan sun taɓu. Da aka miƙar da shi aka kunna, kafin la'asar ya kama sanyi.

Abin da ya fi burge ni ma shi ne wanda suka ƙirƙira bayan an canza gwamnati. Motar da ke kawo musu allura daga Maraɗi ta daina zuwa, ba mai. Sai suka je wajen direbobin garin da ke kai kaya kasuwar Maraɗi ran Litinin da Jumma'a, suka ce su ma 'ya'yansu ake yi wa allurar nan. Yanzu akwatin sanyi yana tafiya da safe a gidan gaba, da takardar majo, ya dawo da yamma cike, ba a biyan ko dala. Rugage da ƙauyukan da ke nesa kuwa, amalanken shanu ke kai majo, an naɗe akwatin da jiƙaƙƙen buhu an yi masa rumfa da zana, matan ƙungiya biyu na biye da nasu akwatin na lamurje. Inda aka tsaya, a yi allura a gefe, a yi ciniki a gefe. Ban taɓa ganin irin wannan a takardar wani furoje ba. Na fita na jawo direba da mai sito na ce su zo su gani, ina ta bayani kamar ni na yi aikin.

Sai da muka zauna aka kawo mana lamurje mai sanyi muka sha, sannan Hajiya ta dube ni.

"Malam, kai ka kunna wutar nan. Kai za ka hure ta?"

Mai sito ne ya buɗe jaka ya yi bayanin takarda, da ladabi. Ya ce shi ma ba son ransa ba ne, amma in ya koma ba kaya ba sa hannu, shi za a tuhuma da ɓatan kayan. Gaskiyarsa ce kuma. Aka aika aka kira mai gari. Shi shawararsa a bar kayan su tafi salin alin. Ya ce kowa ya san ɗan majalisar da ya zo buɗe ɗakin nan na jam'iyyar da aka tumɓuke ne, har launin jam'iyya aka shafa wa ƙofar, su suka bi da farar ƙasa suka rufe bayan juyin mulki. Yanzu an dakatar da harkar jam'iyyu, in aka je gaban mai kaki da sunan ƙungiyar nan, wa ya san abin da za a tono? Ba tsoron banza yake ji ba, don a watannin nan kowa a ɗarare yake.

Hajiya ta saurare shi har ya gama. Sannan ta tambayi mai sito ko sa hannun mutum ɗaya ne kawai ya rage. Ya ce e. Ta tambayi direba ko motar tana da wurin mutum ɗaya. Ya ce har biyu. Ta shiga gida ta sako mayafi, ta fito ɗauke da akwatin lamurje. Majo bai iya binmu ba saboda matan da ke jira, sai ya ba ta littafin da yake rubuta sunayen yaran da aka yi wa allura.

Mun isa biron kumandan, wato ofishinsa a Madarumfa, bayan azahar, aka ce mu jira. Muka jira a gindin wata bedi, wato dogon yaro, tare da masu ƙarar gona da masu neman takardar haihuwa. Rana ta take, iska ko motsi. Hajiya ta buɗe akwatinta ta shiga ciniki, dala bibbiyu. Kafin a kira mu masu gadin ƙofa duk sun saya, magatakarda ya aiko an kai masa uku. Mai sito ya mayar da kwat ɗinsa, yana ta gumi, yana roƙonta a hankali cewa in mun shiga ta bar shi ya yi magana.

Kumandan ɗin ashe yaro ne a kaina, siriri, ba ya yawan ɗaga ido daga takarda. Mai sito ya yi bayani da Faransanci, ya saurara, ya juya takardun. Sai ya juyo da Hausa ya tambayi Hajiya ƙungiyar tasu ta wace jam'iyya ce, don an gaya masa wanda ya buɗe ta.

"Ranka shi daɗe," ta ce, "wanda ya buɗe muna ɗakin ya tafi. Waɗanda suka ba mu firigon ga su nan suna naɗe kaya. Kai ma, Allah shi ja zamaninka, wata rana za a kai ka gaba. Mu ne ba mu zuwa ko'ina, mu da ɗiyanmu."

Na dubi ƙofa na auna nisanta. Kumandan ya ajiye alƙalami ya dube ta, sannan ya miƙa hannu ta ba shi littafin majo. Ya buɗa shafi bayan shafi. Da ya yi magana, ba faɗa ya yi ba. Ya ce zai gaya mata gaskiya, in ya sa hannu kayan sun zama na hukuma, kuma hukuma a yau ba ta da ko kwalbar kananzir da za ta ba su. Hajiya ta ce ba su zo roƙon kananzir ba, shekara uku su ke saye. Ya ce to na allura zai iya karɓa, don kayan kiwon lafiya ne, amma na biyun kayan kasuwanci ne, ba shi da hurumin karɓar wa gwamnati firigon lamurje.

Nan fa na hango haɗari, don in aka ɗauke na sana'ar, na allurar ma kwanansa ya ƙare. Ni da ban yi niyyar buɗe baki ba sai na ji ina magana. Na ce ranka ya daɗe, ni ne mai gyaran da ya kafa su. Robobin ƙanƙarar da ake jerawa cikin akwatin allura in za a tafi Maraɗi ko rugage, a cikin na biyun ake daskarar da su, na farkon ba shi da ƙarfin haka. In babu shi allura ba ta fita garin, ba ta kuma shigowa. Ya tambaye ni ko zan rubuta haka in sa hannu. Na ce ko yanzu. Ya dubi agogo, ya ɗauki hularsa, ya ce shi ba ya sa hannu a kan abin da bai gani ba.

Ku zo ku ga gudu! Motarsa a gaba, tamu a baya, Hajiya a gidan gaban tamu riƙe da akwatinta. Yashin da ya kafe mu da safe, direbanmu ya keta shi ko tsayawa bai yi ba. Mutanen gari da suka hango motar soja sai kowa ya kama gabansa, mai gari ya fito yana gyara rawani. Kumandan ya wuce kai tsaye ɗakin likita. Na nuna masa inda zai leƙa, ya durƙusa da kakinsa a kan daɓe ya kalli wutar. Ya sa Hajiya ta gyara lagwani a gabansa, ta gyara. Ya yi wa majo tambayoyi a kan amalanke da direbobin kasuwa, ya sa magatakardansa ya rubuta. Sannan ya karɓi takardun ya shimfiɗa su a kan firigon lamurje ya sa hannu a duka biyun, ya buga hatimi, ya ƙara layi ɗaya da hannunsa cewa kayan na hukuma ne amma riƙonsu na hannun ƙungiyar matan garin. Sharaɗinsa guda, in ya tara masu garuruwa bayan salla, Hajiya za ta zo ta yi musu bayani da bakinta.

Motarsa na ɓacewa guɗa ta tashi. Waɗanda suka ɓuya suka fito, kowa na cewa dama shi ya san haka za a yi. Mai sito ya zauna a ƙasa da kwat ɗinsa yana dariya shi kaɗai. Aka kawo mana tuwon hatsi da miyar kuka da busasshen kifi, aka cika mana bayan mota da albasa da ƙuli-ƙuli har da zakara.

Ba zan ce muku komai ya gyaru ba. Akwai garuruwa uku da aka yi wa alkawarin irin wannan tsari, matansu sun kafa ƙungiya sun gina ɗaki, yanzu ba firigon da zai zo musu. Majo yana aiki ne ba tare da ya san ranar da albashi zai fito ba. Direban da ya kai mu, wannan ce tafiyarsa ta ƙarshe a motar, ƙarshen wata zai miƙa makulli, haka mai sito. Ni ma kwangilar da nake samu wajen furoje ta tafi ke nan. Mun yi wannan zancen a hanyar dawowa, muna tafe rana na faɗawa bayan tabki, shanu na gangarowa shan ruwa. Amma abin mamaki, ba wanda ya yi zancen da baƙin rai a cikinmu.

Mun shigo Maraɗi ana kiran isha'i. Uwargida ta ga zakara da albasa ta tambaye ni ko aikin ya yi kyau, na ce ban yi aikin ba sam, kuma ban taɓa jin daɗin tafiya irin wannan ba.

Abin da na koyo shi ne, in gwamnati ta canza, duk abin da aka rataya a wuyan mutum ɗaya ko sunan jam'iyya yana tafiya tare da su, komai kyansa. Wanda ke tsayawa shi ne wanda masu amfani da shi suka iya da hannunsu, kuma yake ciyar da kansa. Ko shi ɗin ma yana bukatar wanda zai tashi ya je ya tsaya gaban sabon mai mulki ya yi magana, don da Hajiya ta bi shawarar tsoro, da yanzu firigon nan suna sito suna tsatsa. Na kuma koyi wani abu a kaina wanda bai yi mini daɗi ba. Shekara goma sha huɗu ina ɓoye sana'ata, in zan yi gyara sai in juya wa mai kaya baya don kada ya gane ya daina kirana. Yaran garin nan sun samu allura bana ne saboda wata dattijuwa ta saci kallon hannuna. Na aika wa matan garuruwan nan uku cewa in sun samu firigo ko na hannu ne daga Jibiya, ni zan zo in kafa, kuma wannan karon zan sa su zauna a gabana in nuna musu komai.